Ɗorin Dare

Ya tsaya tsakiyar allo, hannuwa a baje
kamar mutum-mutumin gonar gero.
Fata ce kawai, ragar da na kwana tara ina saƙawa,
fanko, ko tsinke babu a ciki.
Yau zan sa masa ƙashi.

Shagon Lawai a Ƙofar Ƙaura, bayan isha'i.
Fanka ta tsaya, batir ya ce saura arba'in.
Na ja ƙashin baya daga ƙugu zuwa wuya,
gaɓa biyar, na ɗan rusuna ta uku
don tsoho ne, ba kurtun soja ba.
Cinya, ƙwauri, diddige.
Yatsu kuwa sun cinye mini awa guda,
kowane da gaɓa uku, kowace da sunanta.

Na ɗaure fata da ƙashi, na ce bismilla, taka.
Gwiwa ta lanƙwashe ta baya kamar ta zalɓe.
Kafaɗa ta lotse kamar tsohon gwangwani,
hammata ta haɗiye rabin riga.
Da na ɗaga babban yatsan ƙafa
sai wani ɗigo daga gefen kunne
ya biyo shi, ya jawo kunnen har ƙasa.
Lawai ya leƙo, ya yi dariya har da tari:
"Barira, wannan aljani ne ko kakan wani?"

Ban tanka ba.

Kakana Ɗangoje maɗori ne a Ƙofar Guga.
Ina 'yar shekara takwas, ni ke riƙe masa kara da tsumma
idan an kawo ɗan acaɓa yana kiran uwarsa.
Ba ya duban karaya. Rufe ido yake,
babban yatsa ya bi tsoka a hankali
kamar mai neman allura a cikin tabarma.
"Kak ki yarda da ido wurin ɗori, ɗiyata.
Gaɓa ba ta inda kika gan ta,
tana inda take juyawa. Laluba."

Na saki linzami.
Na kama gwiwar hannuna cikin duhu,
na naɗe, na miƙe, na naɗe.
Ashe ba a tsakiya take ba,
can baya take, dab da fata.
Na mayar da tasa baya kaɗan.
Ta ƙafa na turo gaba, ƙwayar gero ɗaya,
don ta san ina ne gabas.

Sai rabon nama.
Inda na shafa ja, ƙashi ya ce nawa ne.
Inda shuɗi, ya ce ba ruwana.
Wahalar tana tsakani, cikin kore da rawaya,
inda ƙashi biyu ke raba tsoka ɗaya
kamar maƙwabta a kan katanga.
Na bi na murza a hankali, yadda yake murza man shanu.
Na 'yanta kunne daga hannun yatsa.

Taka.
Ya taka. Riga ta bi shi, kafaɗa ta zauna.
Ni motsi kawai na ba shi, rai na Mai rai ne.
Lawai ya ce, "Yanzu kam mutum."
Amma tafiyar ta cika daidai,
sumul, kamar wanda bai taɓa faɗuwa ba.

Shi kuwa ya faɗo daga kan soro yana yaɓe,
tun kafin a haifi babana.
Ya ɗora rabin unguwa,
tasa ƙafar wani ya ɗora, ta kama a karkace.

Na zaɓi ƙwaurin hagu.
Na rage shi kaurin farce.
Taka.

Ga shi nan, yana ɗingisawa zuwa bakin allo,
kafaɗar dama na riga ta hagu isowa.

Gobe Malam Rabe mai aikin zai gani,
zai ce, "Akwai matsala a ƙafar nan, a gyara."
Batir saura shida.
Na adana shi haka.